Kurkunu da 'Yan Sa Kai na Ƙauye: Yadda Aka Kawar da Cutar da Ba Ta da Magani

Lokacin da aka bi Najeriya ƙauye-ƙauye tsakanin 1988 da 1989 domin ƙidaya masu kurkunu, an samu mutum sama da 653,000 a ƙauyuka kusan 6,000. Babu ƙasar da ta kai ta yawan masu cutar a duk duniya. Shekara ashirin bayan nan, a watan Nuwamba na 2008, aka cire tsutsa ta ƙarshe daga ƙafar wata manomiya a Jihar Enugu, sannan a Disamba 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba Najeriya takardar shaidar rabuwa da cutar, tare da Nijar. Ghana ta samu tata a 2015.

Abin da ya sa wannan labari ya cancanci a zauna a duba shi da kyau shi ne, har yau kurkunu ba shi da allurar rigakafi, ba shi kuma da ƙwayar da za a haɗiya ta kashe shi a jiki. Kuɗi da kaya sun zo daga gwamnatoci da Cibiyar Carter (ta tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter) da UNICEF da Hukumar Lafiya ta Duniya, amma hannun da ya yi aikin yau da gobe na mazauna ƙauyukan ne, manoma da matan aure da malaman makaranta da ba a biyansu albashi. (A Zamfara da Katsina da Sakkwato idan aka ce "'yan sa kai" yanzu, tunani kan tafi ga masu ɗaukar bindiga suna tsaron gari. Waɗanda ake magana a kansu a nan makaminsu ƙyallen tace ruwa ne da bandeji da littafi.)

Tsutsar da hanyarta ɗaya ce

Sai an san yadda kurkunu ke yawo kafin a gane dalilin da ya sa mutum ɗaya a ƙauye zai iya tare masa hanya. A cikin ruwan da ba ya gudu, kamar kududdufi da tafki da ramin da aka haƙi ƙasar gini, akwai wasu ƙananan ƙwari da ake kira ƙumar ruwa. Girmansu bai wuce kan allura ba. Idan aka ɗebi ruwan a kofin gilashi aka ɗaga shi a rana, ana ganinsu farare-farare suna zillo. Su ne ke haɗiye 'ya'yan tsutsar, kuma cikin kwana 10 zuwa 14 'ya'yan sun nuna, sun isa kama mutum.

Wanda ya sha ruwan ba ya jin komai. Ƙumar ta narke a cikinsa, 'ya'yan tsutsar su ratsa hanji su shiga jiki, su girma, su yi barbara. Namijin ya mutu, macen ta ci gaba da tsawo har ta kai kusan mita ɗaya, siririya kamar taliya. Bayan wata 10 zuwa 14 sai ta gangaro, galibi zuwa ƙafa ko idon sawu, ta tayar da bororo mai zafi kamar an ɗora garwashi. Abin da mai wannan raɗaɗi ke so shi ne ya tsoma ƙafar a ruwa mai sanyi, ita ma tsutsar abin da take jira ke nan: da ta ji ruwa sai ta fesar da dubun dubatan 'ya'ya, ƙumar ruwa ta haɗiye, zagaye ya sake.

Wannan tazara ta shekara guda ita ce ta sa mutane suka daɗe ba su haɗa cutar da ruwa ba. Wa zai ce ciwon da ya fito bana daga ruwan bara ne? Wasu suka ce gado ne a jini, wasu suka ce sammu, wasu suka ce jijiya ce ta ruɓe take fita. Wanzami kuma ya yi sakiya da ƙarfe mai zafi, a shafa abin da aka shafa, gyambo ya ƙara faɗi, wani lokaci tetanas ya shiga.

A ƙasar Hausa da sauran yankin Sahel cutar ta fi fitowa da damina, domin a lokacin ne kududdufai ke cika ana sha. Wato daidai lokacin shuka da noman farko da maimai. Mutum ya kwanta makonni, wani har wata biyu ko uku, ballantana idan tsutsa biyu ko uku suka fito masa. Gero ba ya jiran mai jinya. Mutanen Dogon na Mali suna kiranta cutar da ke barin rumbu wayam, kuma wani bincike da UNICEF ta ɗauki nauyi a 1987 ya ƙiyasta asarar shinkafa ta kusan dala miliyan 20 a shekara a wani yanki na kudu maso gabashin Najeriya kaɗai.

Abin da aka ɗora wa ɗan sa kai

Tsarin bai da sarƙaƙiya. A kowane ƙauyen da cutar take, mutanen gari da dagaci ko mai unguwa su fitar da mutum ɗaya ko fiye, wanda ke kwana a garin, wanda ake jin maganarsa, in da hali mai ɗan karatu. A ba shi horo na 'yan kwanaki, a riƙa sabunta masa. A ba shi littafin rajista da hotunan koyarwa da ƙyallayen tace ruwa da akwatin wanke ciwo. A kansa akwai mai duba aiki da ke zuwa aƙalla sau ɗaya a wata, ya karɓi rahoto, ya cika masa kayan da suka ƙare.

Aikin farko tace ruwa ne. Ƙyallen na nailan ne mai ƙananan idanu, kimanin maikiron 100 (kashi ɗaya cikin goma na milimita), ruwa na wucewa da sauri amma ƙuma ba ta wucewa. A shekarun farko kamfanonin DuPont da Precision Fabrics na Amurka ne suka ba da shi kyauta. Ana ɗaure shi a bakin randa ko tulu, a zuba ruwan kududdufi a hankali, a kwance shi ba tare da abin da ya taru a kai ya zube ciki ba, a ɗauraye da ruwan da aka riga aka tace, a shanya. Da sauƙin faɗi. A aikace kuwa kura-kuran sanannu ne. Mace ta tace da safe, da yamma ta juya ƙyallen ta ɗaya fuskar, duk ƙumar da ta tare ta wanke su cikin randa. Ko a shanya shi kan darni ƙaya ta huda shi, huda ɗaya tak kuwa ta isa. Ko a ga ƙyalle mai kyau a mayar da shi na tace gasara. Ko yaro ya dawo daga kududdufi da guga ya juye a randa babu babba kusa. Shi ya sa raba ƙyalle ba ya wadatarwa. Dole ɗan sa kai ya riƙa zagaya gidaje, ya ce a kawo ƙyallen, ya ɗaga shi a haske ya duba huda, ya canza wanda ya lalace, ya ce uwar gida ta tace a gabansa ya gani.

Hanyar shawo kan mai gardama ita ma a hannunsa take. Ya tace ruwan da mutumin ya ɗebo da kansa, ya ɗauraye ƙyallen cikin kwalba, ya miƙa masa ya ce duba. Dattijon da ya ce kakanninsa wannan tafki suka sha suka rayu, in ya ga ƙwarin suna iyo a ruwan da ya yi niyyar sha, yawanci gardama ta ƙare a nan.

Sai matsalar gona da kiwo. Manomin da ke tace ruwa a gida, ƙishi na kama shi da rana tsaka a gona, ya durƙusa bakin kududdufi ya sha da tafin hannu. Saboda irinsa da makiyaya aka ƙirƙiro bututun tacewa, ɗan guntun roba mai matata a baki ɗaya da igiyar ratayawa a wuya, a zuƙi ruwa da shi kai tsaye. An raba miliyoyinsa, musamman a Sudan.

Aiki na biyu, wanda ya fi kowanne nauyi, shi ne kama cutar da wuri. A ƙa'idar shirin, ba a cewa an killace mai kurkunu sai an cika sharuɗɗa: an gano shi kafin tsutsar ta fito ko cikin awa 24 da fitowarta, bai shiga wani ruwan sha ba tun da ta fito, ana wanke ciwon ana ɗaure shi har tsutsar ta fita duka, mai duba aiki ya zo ya tabbatar cikin kwana bakwai. Awa 24 ɗin nan ita ce sirrin komai. Babu ma'aikacin lafiya daga hedikwatar ƙaramar hukuma da zai san cewa jiya da daddare wane ya fara ɗingishi. Maƙwabci ne ke sani, wanda suka haɗu a masallaci da asuba ya ga yadda yake taka ƙafar, ko wadda ta shiga gidan aron turmi ta ga yarinya zaune da kumburi a idon sawu.

Jinyar kanta ga yadda take. A tsoma ƙafar a bokitin ruwa, tsutsar ta fesar da 'ya'yanta a ciki, zafi ya lafa, sannan a kai ruwan nesa da kowane tafki a zubar a busasshiyar ƙasa. A wanke ciwon. A kama kan tsutsar a ja a hankali, ana naɗe ta a tsinke ko naɗaɗɗen gozi, wato ƙyallen ɗaure ciwo. Da an ji ta turje sai a tsaya, wata rana santimita biyu ko uku kawai za a samu. A shafa man hana ruɓa, a ɗaure da bandeji, gobe a dawo. Haka kullum, har makonni. Babban haɗari shi ne gaggawa: in aka ja da ƙarfi ta tsinke, ragowar ta koma ciki, ƙafar ta kumbura ta yi ruwa, jinyar mako uku ta zama ta wata uku. Bandejin yana da wani amfani da ba kowa ke lura da shi ba. Mai ɗauke da farin bandeji kowa na ganinsa, shi ma yana jin nauyin jiƙa shi, sai ya rage zuwa bakin ruwa.

Amma hana mutum shiga tafki ba tare da an ɗebo masa ruwa ba zalunci ne, kuma ba zai yi aiki ba. Mace mai kurkunu wadda ba ta da mai ɗebo mata, za ta je da daddare. Saboda haka ɗan sa kai nagari yakan shirya wanda zai riƙa kawo wa gidan ruwa, ya nemi dagaci ya sa mai tsaron tafki, a wasu garuruwa har a jera duwatsu ko a kafa katako a bakin ruwa don mai ɗiba kada ƙafarsa ta taɓa. In aka yi zargin wani ya riga ya shiga, sai a sanar da masu zuba Abate, maganin da ke kashe ƙumar ruwa. Wannan aikin ƙwararru ne, domin sai an auna tsawo da faɗi da zurfin tafkin an lissafa, kashi ɗaya na magani cikin miliyan na ruwa, ana maimaitawa duk bayan mako huɗu. Rabon ɗan sa kai a nan shi ne ya nuna kowane ruwan da ake sha, har ɗan kududdufin bayan gona wanda baƙo ba zai taɓa sanin da shi ba, kuma ya kai labari kafin kwana goman da 'ya'yan tsutsar ke ɗauka su nuna a cikin ƙuma su cika.

Na ƙarshe littafi. Suna, shekaru, ranar da tsutsa ta fito, ranar da aka gano, ko ya shiga ruwa, inda ya zauna bara. Kuma ko babu kowa, a rubuta sifiri a miƙa. Ƙauyen da ya aiko da sifiri daban yake da ƙauyen da ya yi shiru.

Inda aka yi tuntuɓe

An sa 1995 a matsayin shekarar da za a gama da kurkunu a duniya, ba a cika ba. A Najeriya adadi ya faɗo warwas a shekarun farko, sannan daga 1996 zuwa 1999 ya cije tsakanin 12,000 da 13,000 da ɗoriya a shekara. 'Yan sa kai suna nan a takarda, amma inda mai duba aiki ba shi da man babur, wata uku bai leƙo ba, bandeji ya ƙare, ƙyallaye sun yage babu canji, to mai aikin kyauta ya koma gonarsa, kuma ba a ga laifinsa ba. Aikin kyauta ma yana da nasa kuɗin ɗawainiya. Daga 1999 tsohon shugaban ƙasa Janar Yakubu Gowon ya shiga yaƙin, yana zuwa ƙauyukan da kansa, yana matsa wa gwamnoni da shugabannin ƙananan hukumomi su haƙa rijiyoyi su saki kuɗi, yana kuma lallashin garuruwan da suka hana a zuba magani a tafkunan da suke ɗauka masu tsarki. Aka ƙarfafa bibiya. A 2000 adadi ya sauko ƙasa da 8,000, a 2004 ƙasa da 500, a 2006 mutum 16.

Sai ga shi a 2007 ya koma 73. Cutar ta ɓulla a wani ƙauye na Jihar Enugu da ba ya cikin waɗanda ake sa wa ido, ta yi yawo kafin labari ya iso. A Mali ma haka: a 2006 wani almajiri mai ɗauke da tsutsa ya yi doguwar tafiya zuwa yankin Kidal, inda ba a san cutar ba, ya shiga ruwan sha, bayan shekara aka wayi gari da masu kurkunu da yawa. Duk inda ba a ajiye ido ba, nan take bi.

Ghana ta koyi wani darasin. Yawancin 'yan sa kanta na farko maza ne, alhali mata ke ɗebo ruwa, su ke tacewa, su ke sanin wace randa yara ke sha. Da aka jawo dubban mata daga ƙungiyoyin matan Red Cross aka raba musu gidaje kaɗan-kaɗan, sa ido ya koma cikin tsakar gida. Wannan magana ta fi ƙarfi a garuruwan da ake kulle, inda namiji baƙo iyakarsa zaure: ɗan sa kai namiji zai iya miƙa ƙyalle daga soro, amma ba zai ga yadda ake amfani da shi ba, ba zai ga ƙafar matar gida ba. Ghana ta kuma nuna iyakar abin da sa kai zai iya. Da ruwan famfon birnin Tamale na arewacin ƙasar ya lalace a 2006, mutanen Savelugu, wani gari da ke kusa, suka koma sayen ruwan madatsa daga masu talla, shekara na zagayowa garin ya cika da masu kurkunu, yawancinsu yara. Gyaran famfo aikin hukuma ne. Bayan an gyara an kuma ƙara ƙaimi, ƙasar ta sauko daga sama da 3,000 a 2007 zuwa 501 a 2008, ta ga na ƙarshe a Mayu 2010.

Me gari ya samu, me mai aikin ya samu

Ribar gari a fili take. Damina ta zo, majiya ƙarfi suna gona, yara suna makaranta, uwa tana kan ƙafarta. Ƙauyuka da dama sun samu rijiyar burtsatse saboda littafin ɗan sa kai ya sa sunansu cikin jerin da ake kai wa gwamna. Akwai kuma abin da ba a rubutawa a rahoto: garin da ya ga ciwon da ya gada kaka da kakanni ya ɓace da hannun 'ya'yansa, ba zai ƙara jin cewa komai sai an zo daga birni an yi masa ba. Al'adar gayya ta riga ta koya wa mutane haɗuwa a yi wa wani noma ko yaɓe a wuni ɗaya. Bambancin wannan shi ne gayya ce ta shekaru, ba kiɗa, ba fura, kuma sai an rubuta.

Shi kuwa ɗan sa kai, abin hannu da ya samu kaɗan ne: riga da hula masu tambarin shiri, jaka, kuɗin mota da abinci ranar horo, a wasu wurare keke. Ribarsa ta farko ita ce gidansa, domin tafkin da yake tsarewa shi iyalinsa ke sha. Ta biyu sana'ar hannu: wanke ciwo da ɗaure shi yadda ya kamata, riƙe rajista, ƙidayar gidaje, tsayawa gaban jama'a a yi bayani. Ta uku suna. Mutumin da ya durƙusa kullum har mako uku yana wanke gyambon maƙwabcinsa, ba ya bukatar gabatarwa a garin. Da wasu shirye-shirye suka zo, rabon maganin makantar rafi ko gidan sauro ko rigakafin shan-inna, irin waɗannan mutane da suka riga suka san kowane gida ake fara nema.

Kada dai a yi wa abin ado fiye da kima. Lokacin da cutar ta fi tsanani shi ne lokacin da gonar ɗan sa kai ita ma ke bukatarsa, awa biyun da ya yi yana naɗe tsutsa daga nomansa aka cire su. Yana shan baƙin jini in ya kai ƙarar wanda ya shiga tafki, wataƙila surukinsa ne. Idan wani shiri ya zo yana biyan alawus, sai ya fara tambayar kansa me ya sa shi ke yi a banza. Inda dagaci ya ɗora ɗansa don a samu keken, ba don ya dace ba, littafi kan cika da sifirin da aka rubuta daga kan tabarma. Kuma nasara kanta tana kashe gwiwa: wata goma kana zagaye ba ka ga ko ɗaya ba, sai ka fara ganin zagayen ba shi da amfani, alhali dole a yi shekara uku cur babu cutar, ana sa ido, kafin a ba ƙasa takarda. Don wannan ne a ƙarshen yaƙin aka sa tukuicin kuɗi ga duk wanda ya kai labarin kurkunu aka tabbatar, kuma kowace jita-jita sai an je an bincika cikin awa 24.

Chadi ce ta nuna abin da ke faruwa in aka sassauta. Bayan 2000 ta shafe kusan shekara goma ba ta ba da rahoton kowa ba, sa ido a ƙauyuka ya yi rauni, sai a 2010 aka sake gano masu cutar. A 2012 aka ga abin da ba a zata ba: tsutsar tana fitowa a jikin karnuka a garuruwan masunta na bakin kogin Chari, har suka kusan kai 2,000 a 2019. Ana kyautata zaton suna ɗauka ne ta hanyar cin kayan cikin kifi da sauran halittun ruwa da ake zubarwa. A duniya baki ɗaya, daga mutum miliyan 3.5 da aka ƙiyasta a 1986, an koma 13 a 2022 da 14 a 2023, tara daga cikin na 2023 a Chadi. 'Yan sa kai na can yanzu an ƙara musu aiki: su duba ƙafafun karnuka gida-gida, su tabbatar an binne kayan cikin kifi ko an ƙone, su kuma shawo kan masunci ya ɗaure karensa tsawon watannin da cutar ke yaɗuwa, ana ba karen abinci da ruwan da aka tace.